Roba da Fanka

Mijina, Si Tuhami, ya daɗe bai taka ƙasar Kenitra ba, alhali a cikinta yake kwana yake tashi. Muna zaune a hawa na huɗu, gidan ɗanmu Abdulhaƙ, benen kuma ƙafa ce kawai ke hawansa. Gwiwoyin Tuhami sun ƙare. Daga gado zuwa banɗaki sai da sanda, daga banɗaki zuwa kujerarsa ta bakin taga sai ya huta a hanya. Likita ma shi ke hawowa ya same shi.

Kada a ce ina kushe ɗana. Abdulhaƙ ɗa ne na gari. Shi ya ɗauke mu daga tsohon gidanmu lokacin da rufin ya fara yoyo, shi ya kai mu Makka, shi yake yanke wa ubansa farce da hannunsa. Sai dai tun yana jami'a ya riƙe addini da ƙarfi, kuma a gidansa ba a kiɗa. Talabijin daga labarai sai wa'azi. Ranar da muka tare, komai ya iso ban da akwatin fayafayan Tuhami. Da ya tambaya, Abdulhaƙ ya sumbaci kan ubansa, ya ce babu wurin ajiya, kuma Alhaji guda me zai yi da su. Tun daga ranar Tuhami ya zama Alhaji, ni na zama Hajiya Zuhur, aka ba mu ɗakin da tagarsa ke kallon bayan wani benen.

Jikokinmu sun ɗauka da carbi a hannu aka haife mu.

Lokacin da muke tasowa sojojin Amurka suna nan a sansaninsu na bakin kogi, da gidan rediyonsu, duk mai akwatin rediyo a garin yana kama shi. Ta nan kiɗan rok an rol ya shigo mana. Fayafai kuwa a ƙarƙashin kayan wanki suke fitowa daga sansanin. Akwai wani bakanike mutumin Sifen, Manolo, mai gareji a bayan tashar jirgin ƙasa. Ranar Lahadi bayan azahar sai ya tura motoci waje, a watsa garin katako a kan baƙin mai, a jawo ƙofar ƙarfe ƙasa, a kunna garmaho. A gidanmu an san ɗinki nake koyo wurin wata Bafaransa, ni da 'yar kawuna. Takalmin rawa yana cikin jakar ɗinki. Kafin magariba mun dawo da lulluɓinmu.

Tuhami a lokacin yana koyon gyaran wuta a tashar jiragen ruwa. Roba ake kiransa, domin in ya lanƙwasa ta baya gashin kansa kan share garin katako. Ya kama ƙuguna ya zura ni ta tsakanin ƙafafunsa, ya jawo ni, ya cilla ni ta bayansa, in dira daidai kan kiɗa. Ban taɓa faɗuwa a hannunsa ba. Abokin karawarsa wani siririn yaro ne, Allal, ana ce masa Fanka saboda juyi. Yana da jar jita da ya saya hannun wani sojan ruwa. Ba sa ga maciji da juna, amma ranar da ɗaya bai zo ba ɗayan ba ya rawar kirki. Daga baya Amurkawa suka rinƙa raguwa, Manolo ya koma ƙasarsu, mu muka yi aure, 'ya'ya suka zo. Allal ya ɓace. Wasu suka ce Kasablanka, wasu suka ce Faransa.

Bara aka zo neman auren jikarmu Ikram. Mutanen garin Sala ne, 'yan kasuwar yadi, kuma an ce sun fi Abdulhaƙ ma tsanani. Tun kafin su zo ya zaunar da ubansa.

"Baba, don Allah, ka yi musu maraba, ka sa albarka, shi ke nan. Ban da labarin Amurkawa. Ban da fito."

"Ni ina fito?"

"Kana yi, Baba. Har a banɗaki."

Suka zo bayan la'asar da dunƙulen sukari da dabino da lalle. Muna ciki muka ji haki a kan bene: samari biyu ne ɗauke da kakan angon a kujerar roba. Tsoho ne cikin farar jallaba, gemu har ƙirji, ƙafarsa ɗaya naɗe da bandeji saboda ciwon suga, ga abin ji maƙale a kunne. Aka ce Alhaji Allal ke nan, wanda ya gina masallacin unguwarsu. Aka ajiye shi kusa da Tuhami.

Ni tsohuwa ce, an yarda in shiga in gai da maza. Na shigo da tiren shayi, na ɗaga buta zan zuba, sai idona ya faɗa kan girarsa ta hagu. Akwai tabo a wurin, gashi bai fito ba. Na san tabon, domin dugadugin takalmina ne ya yi shi, ranar da Tuhami ya cilla ni shi kuma ya juyo bai duba ba. Shayin ya zuba a tire. Surukata Na'ima, matar Abdulhaƙ, ta karɓi butar, tana cewa hannun Hajiya ya fara rawa.

Su ma sun gane juna. Na ga Tuhami ya damƙe sandarsa da hannu biyu. Ana ta maganar asali da sana'a da ranar ɗaurin aure, har uban angon ya ce ai mahaifinsa ma ya ɗan zauna a Kenitra yana yaro.

Tuhami ya ɗaga murya saboda kurumtar Allal. "Wace sana'a Alhaji ya koya a nan?"

"Kanikanci," in ji Allal. "A wani gareji bayan tasha."

"Ikon Allah. Na san wurin. Na ji har Lahadi ana aiki."

"Ranar Lahadi ma aka fi aiki."

"Aiki mai wuya. Wasu tun kafin la'asar sun gaji, sai su koma gefe su riƙe jita... su riƙe jarka."

"Wasu kuma sai tsalle-tsalle, ba su iya ɗaura taya ɗaya ba."

Uban angon ya juya ga samarin, ya ce su ji yadda mutanen da suka nemi halak, ko hutun mako ba su sani ba. Abdulhaƙ ya gyaɗa kai. Aka karanta Fatiha. Da za a ɗauke Allal, ya riƙe hannun Tuhami ya daɗe bai saki ba. Ni kuwa ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya ƙara wa Lalla, wato uwargida, lafiya, kamar yadda ake gai da kowace tsohuwa.

Daga ranar Tuhami ya rasa sukuni. Mutumin da a da yake yini yana kallon bango, yanzu sai ya tashi ya zauna, ya buga sanda a ƙasa, ya tambaye ni sunan wance mai jan siket, da wane da ya karya garmaho. Ya sa Ikram ta samo masa lambar Allal. Amma wayar tana hannun matar ɗan Allal, kuma saboda kurumtarsa sai ta buɗe murya kowa na ji, ta tsaya riƙe da ita a gabansa. A namu ɓangaren Na'ima tana goge teburin da ta riga ta goge. Sai su gaisa, su tambayi ƙafa da gwiwa, su koma zancen gareji da tayoyi. Tun abin yana ba su dariya har ya zama kamar cin tuwo da safar hannu.

Tuhami ya roƙi Abdulhaƙ ya kai shi Sala ya duba surukinsa. Abdulhaƙ ya ji daɗin wannan zumunci, ya ce in sha Allah. Sai aiki ya yi yawa. Sai aka ce a bari sanyi ya wuce. Sai aka ce ai biki ya kusa, a can za su haɗu.

Wata safiya Abdulhaƙ ya tafi aiki, Na'ima da Ikram sun tafi wurin tela gwajin kayan amarya. Na fito daga kicin na tarar da Tuhami cikin tsohon kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, yana warin kafur, ya shafa mai a ɗan gashin da ya rage. Ya ce tasi zai hau zuwa tasha, jirgin ƙasa zuwa Sala, in ya isa ya tambayi masallacin Alhaji Allal. Na ce masa ko bakin titi ba zai kai ba. Ya ce ya taɓa ɗaukata sama da hannu ɗaya. Na ce wancan hannu ne, yau maganar gwiwa ake yi. Bai saurare ni ba. Ya buɗe ƙofa ya fita, na bi shi da silifas ɗin gida, iska ta turo ƙofar ta rufe. Mabuɗi yana ciki.

Ya sauka hawa ɗaya da baya da baya, yana riƙe da ƙarfen bene, ina ƙasa da shi kamar zan iya tare shi in ya taho. Ya sauka na biyu gumi na ɗiga daga haɓarsa. A nan gwiwar dama ta ƙage. Ya zauna a kan matakala a hankali, ya gwada tashi, ya kasa. Ƙasa ba ta yiwu ba, sama ba ta yiwu ba. Na ƙwanƙwasa ƙofofin hawan. Ɗaya masu gidan suna Italiya, ɗayan ba kowa. Na sauka har ƙasa, mai gadin benen ya tafi kasuwa. Na dawo na zauna kusa da shi.

Wurin matakalar benen ba shi da taga. Fitilarsa irin mai kashe kanta ce, in ta ɗan jima sai ta mutu, in tashi in laluba bango in danna. Daga wani gida ƙamshin albasa da ake soyawa yana hawowa. Tuhami yana ta kallon takalminsa da ya goge da safe.

Can sai ya fara fito, ƙasa-ƙasa. Waƙar da Manolo ke sa wa ta ƙarshe ce kowace Lahadi, wadda in mun ji ta mun san lokacin neman lulluɓi ya yi. Benen ya ɗauki sautin ya kai shi sama ya dawo da shi, kamar mutum uku ke yi. Ya ƙara ƙarfi. Ya fara buga ƙarfen bene da zobensa. Fitila ta mutu, na tashi na danna, da na juyo sai na ga ƙafafuna sun fara da kansu. Filin bai fi tabarmar salla biyu ba. Na taka, na ja baya, na juya, silifas ɗaya ta fice ta gangara.

"Kin makara a ƙafar hagu," in ji shi.

"Wanda ke zaune a ƙasa kamar buhun gawayi ne zai gyara mini?"

"Tun da can kina makara. Ni nake rufa miki asiri."

"Kai dai jifa ka iya. Ni ke dira."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Numfashina ni ma ya ƙare, na zauna. Shekara da shekaru ana labarin Roba da Fanka a bakin tsofaffin garin nan, ba wanda ya taɓa tambayar wadda ake cillawa sama yadda abin yake daga can. Na gaya masa haka. Ya ce to yaya yake. Na ce daga can ana ganin rufin kwano da wata tsohuwar taya a rataye, kuma ba a jin nauyin komai.

Daɗin bai daɗe ba. Sanyin siminti ya shige shi, ga maganin da yake sha yana sa shi yawan zagayawa. Ya daure iya daurewa. Da abin ya fi ƙarfinsa ya juya fuskarsa ga bango, ni kuma na cire mayafina na rufa masa a cinya. Wajen azahar mai kawo tukunyar gas ya hawo ya same mu, ya kira mai gadi, suka ɗauke shi su biyu kamar yadda suke ɗaukar kayansu, suka ajiye shi a bakin ƙofarmu. A nan Na'ima ta dawo ta tarar da mu.

Bayan magariba Abdulhaƙ ya shigo ɗakinmu, ya durƙusa yana shafa wa ubansa magani a gwiwa. Idonsa ya yi ja. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya ne kawai, me ke Sala da har zai sa tsoho ya nemi karya wuyansa. Tuhami ya gaya masa komai, da garejin, da jitar, da sunan Roba, da inda tabon girar Alhaji Allal ya samo asali. Da aka zo kaina Abdulhaƙ ya dube ni ya kawar da kai da sauri, kamar ya shigo ina canza kaya.

"Wannan ya wuce, Baba," in ji shi a hankali. "Ƙuruciya ce. Ka tsaya a Arfa, Allah ya shafe."

"Na roƙe shi ya yafe mini abubuwa da yawa a can," in ji Tuhami. "Wannan ban sa shi a ciki ba."

Abdulhaƙ ya ci gaba da shafa maganin har ya gama, ya rufe kwalbar. Ya roƙe mu kada maganar nan ta kai kunnen surukai, saboda Ikram. Ya yi alkawarin bayan biki zai kai shi Sala da kansa. Washegari ya ba ni mabuɗi, ya sa na rantse duk lokacin da suka fita zan kulle ƙofa in riƙe shi a jikina. Na rantse, domin ni na ga abin da ya faru a bene. Tuhami yana jin ƙarar mabuɗin kowace safiya daga kujerarsa. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, da ma ya ce.

Ranar biki samari suka sauko da shi a kujera. Da suka fito titi ya ce su ajiye shi tukuna, ya zauna yana kallon motoci da mai sayar da kifin sardin, sai da aka ce ana jira. An kama wani zaure, maza a ƙasa, mata a sama. Babu makaɗa, sai masu karatu da masu yabon Annabi. Abin da ya faru a ƙasa daga bakin Tuhami na ji shi, kuma ya ba ni labarin ya fi a ƙirga.

An zaunar da su biyun kusa da juna a wurin manya, da mutane kewaye da su, kowa na zuwa ya sumbaci hannu. An ci kaza da zaitun, an ci naman rago da busasshen 'ya'yan itace, su dai sai Allah ya yi albarka. Da aka kira la'asar maza suka ɗunguma masallacin da ke tsallaken titi. Su biyun a zaune suke salla, aka bar su a nan. Suka yi sallarsu, suka sallame, suka duba: ba kowa sai masu kwashe kwanuka.

"Roba," in ji Allal, "ka zama tsohuwar taya."

"Kai fa, Fanka? An ɗauke maka wuta."

Dole Tuhami ya rinƙa ɗaga murya, har masu kwashe kwanuka suna waiwaye. Suka bi sunayen mutanen gareji ɗaya bayan ɗaya, kusan kowane suna sai an ce Allah ya jiƙansa. Allal ya ce jitar da hannunsa ya sayar da ita, makon da zai auri 'yar mai kantin yadi, kuma a cikin 'ya'yansa babu wanda ya san ya taɓa riƙe ta. Ya ce wani lokaci yana jan carbi sai ya ga yatsunsa na hagu suna danna wayoyin da babu. Na tambayi Tuhami ko ya yi maganata. Ya ce ya yi: ya ce har yau in za a yi ruwa girarsa na yi masa tsami.

Tuhami ya yi masa fiton waƙar Manolo. Allal bai ji ba, siririn sauti ba ya shiga kunnensa ko da abin jin. Ya murɗa shi, ya cire, ya mayar, a banza. Sai ya kifa tafukansa a kan tebur ya ce Tuhami ya buga, shi zai ji ta katako. Tuhami ya buga. Allal ya rufe ido ya saurara da hannuwansa, ya buɗe ya ce ba haka take ba, ya yi sauri da yawa, dama can halinsa ke nan, shi ya sa shi Allal ya kayar da shi a gasar rawa ta bakin tekun Mahdiyya. Tuhami ya ce wace gasa ya kayar da shi, ai shi ya ci. Allal ya ce ƙarya yake, da gemunsa. Ɗan lokacin da suka samu duk a wannan gardamar ya ƙare. Mutane suka dawo daga masallaci suka same su kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Uban ango ya tambaya lafiya.

"Mas'ala ce ta fiƙihu," in ji Allal. "Alhaji yana da taurin kai."

Ba su sake haɗuwa ba. Bayan biki ƙafar Allal ta rincaɓe, 'yarsa ta zo ta tafi da shi Beljiyam neman magani, yana can har yanzu. Ikram ta ce ba ya iya waya kuma. Abdulhaƙ ya zo da kansa ya ce alkawarinsa yana nan, sai dai yanzu babu wanda za a je gani a Sala. Ya ce ko ya kai shi bakin teku wata Juma'a. Tuhami ya ce a bar samarin mutane su huta da ɗaukar kaya.

Kwanan baya muna zaune da rana, gidan ba kowa, ya ce in faɗi tsakanina da Allah, tunda ina wurin, wa ya ci gasar Mahdiyya.

Na ce ba shi ba ne, ba kuma Allal ba ne. Wani yaron tela ne daga Rabat, shi da ƙanwarsa. Mu muka zo na biyu, Allal ko sunansa ba a kira ba.

Ya zuba mini ido.

"Gajeren nan mai farin takalmi?"

"Shi."

"Ai alƙalan 'yan Rabat ne duka."

Ya yini yana faɗa da alƙalan, yana buga sanda, yana nuna mini da hannu yadda yaron ya kusa sakin ƙanwarsa a juyin ƙarshe. Shayinsa ya huce bai taɓa ba. Sai da muka ji takun Na'ima a bene ya yi shiru, ya gyara hularsa, ya ce in tashi in buɗe mata ƙofa.